Katin Kyamara Mai Aika Hoto Da Kansa: Amfaninsa Da Haɗarinsa Ga Masu Sana'a

JOS — A sana'ar ɗaukar hoto, riba tana tsakanin lokacin da aka danna kyamara da lokacin da hoton ya isa hannun mai shi. Masu wannan sana'a a birnin Jos, waɗanda suke bin bukukuwan aure da na suna da bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Jos, sun san cewa idan taro ya watse, to, rabin cinikin ya tafi tare da jama'a. Wannan ne ya sa katin ajiyar hoto mai aikawa ba tare da waya ba ya cancanci 'yan kasuwa su fahimce shi.

A zamanin fim, sai mai hoto ya cika ɗauka 36, sa'an nan ya kai ɗakin wanki, ya kuma bi masu hotuna gida-gida bayan kwanaki. Da kyamarar zamani ta zo, sai katin ajiya, wanda aka fi sani da memori, ya maye gurbin fim. Samfurin da ya fi yaɗuwa shi ne SD, wanda kamfanonin SanDisk da Matsushita da Toshiba suka fito da shi a 1999, girmansa kuwa bai wuce na kan sarki ba. Amma duk da haka, galibi sai an haɗa shi da kwamfuta kafin a kwashe abin da ke ciki.

Kamfanin Eye-Fi na jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda aka kafa a 2005, shi ne ya yi suna wajen kawar da wannan wahala. A 2007 ya fito da kati mai cin gigabayit 2 a kan kimanin Dalar Amurka 100. A ido ba shi da bambanci da sauran, sai dai an dasa masa 'yar na'urar rediyo ta Wi-Fi a ciki, wadda take jan wuta daga batirin kyamara. Daga baya kamfanin Toshiba ya fito da nasa mai suna FlashAir, haka ma kamfanin Transcend.

Hanya biyu waɗannan katuna suke aiki. Ta farko, katin yana neman layin Wi-Fi na gida ko na ofis da aka riga aka saita masa, da zarar an ɗauki hoto sai ya tura shi kwamfuta ko shafin intanet. Ta biyu, katin da kansa yake buɗe ƙaramin layi, wayar hannu ta kama, hoto ya sauka cikinta ta wata manhaja. Wannan ta biyun ba ta buƙatar intanet ko kaɗan, saboda haka ita ce ta fi dacewa da mai aiki a filin biki ko a wuraren yawon buɗe ido irin su Duwatsun Shere da gangaren ruwa na Assop.

Amfanin a fili yake. Mai hoto yana cikin taro yana ɗauka, yaronsa kuma yana gefe da waya da ƙaramin injin bugawa, yana miƙa wa jama'a hotunansu yana karɓar kuɗi. Haka kuma ɗan jarida yana iya aika hoto ofishinsa tun bai bar wurin taro ba. Bugu da ƙari, wanda ya mallaki tsohuwar kyamara mai kyau, ko ya sayi ta hannu, ba sai ya sake sayen sabuwa ba.

Sai dai katin yana da nasa cikas. Yana shan batiri fiye da kati na yau da kullum, layinsa ba ya nisa, kuma manyan hotuna suna jinkirin sauka. Akwai kuma batun sirri: wanda bai canza lambar sirrin da katin ya zo da ita daga kamfani ba, ya bar ƙofa a buɗe ga duk mai waya da ke kusa, alhali hotunan iyalan mutane amana ce.

Babban darasi kuwa ya zo ne a 2016. A shekarar, Eye-Fi ya sayar wa kamfanin Ricoh na Japan sashensa na ajiyar hotuna a intanet, ya kuma ba da sanarwar daina kula da tsofaffin katunansa daga ranar 16 ga Satumba. Tun da saitin waɗannan katuna ya dogara ne a kan na'urorin kamfanin, masu su suka ga cewa abin da suka saya da kuɗinsu rabinsa yana hannun wani. Sai da aka yi ta ƙorafi kafin kamfanin ya fitar da wata manhaja don rage asarar.

Abin da ya rage wa katin kasuwa shi ne, masu ƙera kyamara sun shiga dasa Wi-Fi a jikinta tun daga masana'anta, kamar yadda Canon ya yi a samfurin EOS 6D a 2012.

Don haka, ɗan kasuwar da aka yi wa tallar irin wannan kati ya kamata ya tabbatar da abu uku kafin ya biya: kyamararsa tana karɓarsa, manhajarsa tana aiki a wayarsa, kuma yana aika hoto ba tare da bi ta kan kamfaninsa ba. A gwada shi a shago, a gaban mai sayarwa, domin ranar biki ba ranar gwaji ba ce.