Man Takalmi Mai Launi: Kada Ya Ɓata Mana Riga

'Yan'uwa manoma, hunturun bana ma ya yi mana irin aikin da ya saba. Duk wanda ya duba takalminsa na fata ko bel ɗinsa zai ga sun bushe, sun soma tsagewa. Magani dai shi ne mai. Amma wani ɗan ƙungiyarmu daga wajen Bichi ya kawo mana kuka. Ya lafta wa bel ɗinsa jan man takalmi da dare, da safe ya ɗaura a kan farar taguwa ya tafi kasuwar Ɗambatta. Kafin azahar gumi ya jiƙa shi, jan layi ya kewaye masa ƙugu. Matarsa ta wanke har sau uku, bai fita ba. Taguwar kuwa kuɗin gyaɗarsa ce.

Laifin ba na fata ba ne. Fatar akuyar ƙasarmu ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka sa mata suna fatar Maroko, alhali daga Kano da Sakkwato ta fito. Majema suna jeme ta da bagaruwa, dukawa su rina ja da karan dafi, baƙi kuma da kuloko. Shi kuloko da ƙarfe ake yin sa, in ya gamu da bagaruwar da ke cikin fata sai ya kama ta har ciki, shi ya sa bai cika zuba ba. Launin da ke cikin man gwangwani kuwa, irin su Kiwi, a bisa fata yake zama. Abin da fata ta sha ya zauna. Abin da ya yi saura a sama, shi ne gumi da zafin jiki suke narkarwa ya hau tufafi. Galura ma haka take in ba a goge ta sosai ba.

To, ga yadda muka gwada muka ga ya yi. A fara kakkaɓe ƙura, a goge da tsumma mai ɗan laima, a bari ya sha iska a inuwa. Sa'an nan a ɗibi mai kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa, a murza shi da tsumma har ya ɓace. A bar shi ya kwana. Nan ne yawancinmu muke gaggawa. Da safe a goge da busasshen tsumma da ƙarfi, a kuma samo farin ƙyalle a ɗan jiƙa shi a dirza. In ya ɗauko launi, aiki bai ƙare ba, a sake gogewa.

Bel ya fi takalmi wuyar sha'ani, domin a jikin tufa yake wuni. Mai launi a fuskar waje kaɗai za a shafa. Cikin bel da gefensa, da bakin takalmi inda ƙafar wando take gogawa, man kaɗanya zalla ya isa, shi ma ɗan kaɗan. Sai dai a sani yana sa fata ta ƙara duhu, don haka a gwada a wurin da ba a gani tukuna.

Man gyaɗa fa? Majema suna aiki da shi, amma su sun san gwargwado. A gida in ya yi yawa yakan yi wari, ya jawo ɓera da kiyashi. Baƙin man inji kuwa, da kananzir da wasu ke zubawa don su sassauta man da ya daskare a gwangwani, ba mu yarda da su ba ko kaɗan. Kananzir yana tayar da tsohon rinin ma da ya riga ya zauna.

Da damina a rage shafa mai, a rataye bel a ƙusa nesa da tufafi, kada a naɗe shi cikin akwati tare da rigar fita.