Fetur Ba Ya Daskarewa a Damana

Da zarar Disamba ta kama, hunturu ya fara kaɗowa daga gabas, magana guda ce ke yawo a garakan Dallol Bosso, tun daga Damana har Bonkuku da Filinge: wai an lalata fetur. Wani ya ce masu sayarwa a kwalba suna zuba masa ruwa, wani ya ce kananzir ake gauraya masa, wani kuma ya rantse cewa ɗari ne ke daskarar da shi cikin tanki. Hujjar kowa ɗaya ce. Injin ban-ruwan da ke tashi da ja ɗaya a watan Oktoba, yau sai an ja igiyarsa har kafaɗa ta yi tsami, ga dankalin turawa da albasa suna jiran ruwa, ga rana tana ɗagowa. Tun ƙarancin man da aka sha a Nijar a watan Maris na 2025, lokacin da layuka suka miƙe a gidajen mai na Yamai, zargin ya ƙara samun gindin zama.

Algus akwai shi, ba mai musun haka. Amma batun daskarewa ba shi da tushe, kuma shi ne ya fi ba ni takaici, domin shi ke sa mutane kawo wuta kusa da inji. Fetur ba ya fara daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili. A ƙasar Kurfai da Tondikandiya, daren da ya sa tsofaffi kwana gefen murhu da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10 sama da sifili. A jihar Minnesota ta Amurka, da Kanada, da Finlan, tabkuna suna daskarewa har mota ta bi ta kai. Masunta suna zuwa da wani ƙaramin inji mai dogon mahuji, su huda ƙanƙarar da kaurinta ya kai rabin mita, su zura ƙugiya. Injin nan da fetur yake aiki, da igiya ake tayar da shi, bai kai rabin girman namu ba, kuma yana tashi a digiri 20 ƙasa da sifili. In har nasu na tashi a can, ɗarin Damana shi kaɗai bai isa ya kwantar da lafiyayyen inji ba. Abin da ɗari ke yi shi ne tona asirin wata matsala da zafin rana ya daɗe yana rufewa.

Ga abin da ya kamata kowane mai garka ya riƙe: ruwan fetur ba ya cin wuta, tururinsa ne ke ci. Aikin karbureta shi ne feso man ya zama ƙananan ɗigo cikin iskar da injin ke zuƙa, ɗigon su zama tururi kafin su isa gaban buji, wato fulogi. Tururin kuma yana da iyaka. In bai kai kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar ba, tartsatsi ba zai kunna shi ba. In ya haura kashi bakwai zuwa takwas, nan ma ba zai kama ba. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu inji ke rayuwa.

Duk wadda ta taɓa ɗora murfi mai sanyi a kan tukunyar da ke tafasa ta san abin da ke biyo baya. Tururi ya taɓa murfin, ya koma ruwa, ya taru a jikinsa yana ɗiga. Sai murfin ya ɗauki zafi tururin ke iya tsayawa a matsayin tururi. Haka cikin inji yake da asuba. Ƙarfen ya kwana a fadama, ya sha sanyi har cikinsa. Man da karbureta ta feso, kaɗan ne ke zama tururi, kuma wannan kaɗan ɗin yana cin karo da bangon bututu da na silinda masu sanyi, ya lafe a jikinsu. Abin da ke isa ga buji kusan iska ce zalla. Ita iskar ma ta fi ta rana nauyi, domin iska mai sanyi a cushe take, don haka tana neman ƙarin mai a daidai lokacin da man ya fi ƙin tashi. Da hantsi, rana ta gasa ƙarfen, injin ya tashi da ja ɗaya, sai mai shi ya ce fetur ya narke. Murfin tukunya ne ya yi ɗumi, man yana nan yadda yake tun jiya.

Don wannan aka yi shok. Ƙaramin faranti ne da ke tare bakin iska, sai zuƙar injin ta koma kan mai ta jawo shi da yawa, ta yadda ko kaɗan daga ciki ya zama tururi zai isa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne barinsa a rufe. Ƙa'idar ba ta da tsawo: a buɗe famfon mai, a rufe shok, a ja igiya a hankali har a ji ta yi tauri, sannan a fizga da ƙarfi. Da injin ya yi tari na farko, a mayar da shok rabi. Da ya kama, a bar shi yana juyi a hankali na ƴan mintoci kafin a buɗe shi gaba ɗaya a ɗora masa aiki. Wanda ya ci gaba da ja shok na rufe, sau goma, sau ashirin, ya haye ɗaya iyakar. Buji ya jiƙe sharkaf, tartsatsi ya daina tsallakawa, warin fetur ya cika wurin. A nan ƙarin mai ba magani ba ne. Sai a rufe famfon, a buɗe shok, a kwance buji a goge shi, a ja igiya ƴan lokuta makunni na kashe don silinda ta sha iska.

Masu zargin mai kwalba suna da gaskiya ta wani gefe, amma ba inda suke dubawa ba. Fetur haɗin sinadarai ne masu yawa. Wasu suna tafasa tun a wajen digiri 30, wasu sai kusan 200. Masu saurin tashin nan su ne ke tayar da inji mai sanyi, kuma su ne ke fara gudu. Man da ya baro matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, yana cin sama da kilomita 900 kafin ya kai Yamai kawai, sannan ya bi daga tanka zuwa duro, daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa kwalbar da ke jere bisa tebur a bakin hanyar Balleyara, rana na dukanta tun safe, bakinta a toshe da leda. Ko a Disamba zafin rana a nan yana haura digiri 30. Ba a zuba masa komai ba, amma abin da ya fi amfani da asuba ya tafi cikin iska. Haka man da ya kwana makonni cikin tankin inji, ko wanda aka bari a karbureta tun noman ranin bara: shi har danƙo yake bari ya toshe ƙaramar kafar da mai ke bi. A Amurka matatu suna canza haɗin man da kansa, su ƙara masa butan a lokacin sanyi don ya yi saurin zama tururi, su rage shi da bazara. Mu ba mu buƙatar haka. Jarka mai murfi na gaske da aka ajiye a inuwa ta wadatar, da kuma sabon rufe famfon mai a bar injin ya shanye na karbureta in za a ajiye shi.

Sai ƙura. Hazon da ke rufe mana rana, mai yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, kuma laushinsa ya fi na gari. Yana cika soson matacin iska cikin ƴan kwanaki. Matacin da ya toshe tamkar shok ne da ba ya buɗuwa, don haka in an ƙara rufe shok na gaske a kansa, injin ya sha mai nan take. Wasu da suka gano haka sai su cire matacin su jefar, injin ya tashi, su yi murna. Ƙurar kuwa ta shiga silinda kai tsaye tana cin zobban fistin. Shekara na zagayowa matsin injin ya ragu, kuma injin da ba shi da matsi shi ne ya fi kowane ƙin tashi cikin ɗari. Wanke soso da ruwa da sabulu, a shanya shi ya bushe, a ɗan shafa masa baƙin mai a matse, bai kai kuɗin shayi ba.

Baƙin mai ma yana da nasa hannu. Mai kauri irin SAE 40, da ake so saboda zafin Afrilu, yana ƙara kauri da sanyi, ya riƙe injin. Waɗannan injuna ba su da batir, wutar buji daga saurin juyawar take fitowa, saboda haka ja mai nauyi tartsatsi mai rauni yake haifarwa. Kamfanin Honda, wanda injinsa GX160 ne akasarin na kasuwa suka kwaikwaya, 10W-30 ya ba da shawara, tazarar bakin buji kuma milimita 0.7 zuwa 0.8. Da yawa cikin injunan suna da wata na'ura da ke yanke wuta in baƙin mai ya yi ƙasa, kuma injin da aka girke a karkace bakin rijiya yana iya ruɗar ta.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne magungunan da jita-jitar ta haifar. Ana hura karan gero kusa da inji don a narkar da man da bai daskare ba. Ana tura buji cikin garwashi, farin tangaran ɗinsa ya tsage. Ana tsiyaya fetur ta bakin karbureta, alhali inji mai tari yana iya mayar da harshen wuta ta nan. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa ya tarar da wuta daga nesa ya dawo da ita kan jarka. In ɗumi ake nema, a lulluɓe injin da buhu da dare bayan ya huce, ko a kai shi inda hantsi zai fara sauka. Akwai kuma masu sauke inji cikin rami ko rijiya, domin famfo ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas, sannan su bi shi ciki suna fama da igiya. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi, kuma a rami ba ta da mafita. Ita ce dai ke kashe iyalai da suka shigar da janareta ɗaki suka rufe ƙofa saboda sanyi.

Wanda ke zargin algus yana iya gwadawa a gaban mai sayarwa. A zuba man cikin kwalba mai haske a ajiye, ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi. A ɗiga kaɗan kan farar takarda: fetur zai bushe bai bar komai ba, kananzir ko gas zai bar tabon maiƙo.

Shekara da shekaru gwamnati da ƙungiyoyin raya karkara suna raba injunan ban-ruwa a kwarin Dallol Bosso, da jawabi da ɗaukar hoto. Littafin da ke cikin kwali da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta shi, kuma shi ake fara yarwa. Duk abin da ke cikinsa game da shok da mataci da baƙin mai bai wuce bayanin rabin sa'a ba da Hausa da Zabarmanci. Gidajen rediyon karkara suna nan, malaman gona suna nan, makanikai suna cike da kasuwar Filinge da ta Balleyara. Duk mai shirin raba inji a bana, ya sa kuɗin makaniki guda da zai tsaya da manoma a garka kafin Nuwamba ta fita, ya haɗa kowane inji da buji biyu da soson mataci na canji.