Buga Zane a Jikin Riga: Sana'ar da Mace Za Ta Yi a Ɗakinta

 A wannan mako za mu tattauna ne a kan buga zane da rubutu a jikin 'yar rigar nan mai gajeren hannu, watau tishat. Duk lokacin wasannin makaranta, ko taron ƙungiya, ko yaye ɗalibai, sai an yi irin waɗannan riguna, amma da wuya a ga kuɗin ya shiga hannun mace. Alhali kuwa aiki ne da matar aure za ta yi a tsakar gida, 'yar makaranta kuma ta yi lokacin hutu.

Ita wannan riga a da ta ciki ce, wadda aka fara raba wa sojojin ruwan Amurka wajen 1913, daga baya ta fito fili. Shi kuwa bugun zane a kan tufa ba baƙo ba ne a Afirka. A Abeokuta ana huda zane a jikin fallen kwano, a shafa kunun rogo ta cikin hudar, sannan a rina adire. A Ntonso kusa da Kumasi kuwa da gutsuren ƙwarya ake sassaƙa hatimin adinkra. Dabarar da za mu bi 'yar'uwar ta Abeokuta ce.

Kayan aiki: rigar auduga, fentin yadi, kwali mai ƙwari ko tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, sabuwar reza, soso, da dutsen guga. Kada ki yi amfani da fentin bango, domin yakan ƙandare ya tsattsage.

Da farko ki wanke rigar ta bushe, saboda sabon yadi yana da sitacin da ke hana fenti kamawa. Sannan ki zana abin da kike so a takarda. Ga mai koyo, zane mai manyan layuka ya fi, kamar dagin Arewa, ko tauraro, ko fure. Ki kwafe shi a kan kwalin, ki yanke da reza a hankali. A nan ne wajen lura. Haruffa irin su A, B, D, O da R suna da ciki, in kin yanke su gaba ɗaya cikin zai faɗo, harafin ya zama dunƙule. Saboda haka ki bar 'yar siririyar gada biyu da za ta riƙe cikin.

Daga nan ki zura wani kwalin a cikin rigar don kada fenti ya ratsa zuwa baya. Ki shimfiɗa ta sumul, ki ɗora zanen a tsakiya, kamar yatsu huɗu ƙasa da wuya, ki danne shi da salatif. Ki ɗan taɓa fenti da soso, ki rage shi a wata takarda, sannan ki riƙa dangwalawa. Kada ki goga, domin guga ita ke tura fenti ƙarƙashin kwali, bakin zanen ya yi dameji. In rigar baƙa ce, farin fenti sai an yi shafi biyu, a bar na farko ya sha iska. In launi biyu ne, kowane launi da nasa kwalin. Ki ɗaga kwalin sama tsaye, ki bar rigar ta kwana. Washegari ki rufa ƙyalle a kan zanen, ki goge da dutse mai zafi kamar minti 3 zuwa 5. Wannan zafi shi ke sa fentin ya zauna, ya jure wanki.

Yanzu ga gargaɗin malama. Ki duba rubutu sau biyu kafin ki ɗauki reza. Harafi ɗaya in ya kuskure a kwali, ya kuskure a riga hamsin. Ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ ma kada ki raina ta, domin baki daban, baƙi daban. Har wa yau, kada ki buga Turancin da ba ki san ma'anarsa ba, ko ayar Alƙur'ani a rigar da yaro zai shiga ko'ina da ita.

Wajen ciniki kuwa, ki lissafa kuɗin riga, da fenti, da gawayi ko lantarki, da ladan hannunki. Ki karɓi kafin alƙalami, ki buga riga ɗaya mai aiki ya gani ya amince, kana ki ci gaba. Yau akwai masu tsara zane a kwamfuta su manna da inji, amma kwali da soso sun isa mafari. Ki soma da tsohuwar rigar yara, in hannu ya faɗa sai ki nemi aikin makarantar unguwarku.

Sai mun sadu a mako mai zuwa. Allah ya sa albarka a neman.