Yadda Ake Haɗa Tukunyar Shuka Mai Kama da Dutse a Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya san garin Awe na Jihar Nasarawa ya san shi da gishiri, kamar Keana da Azara. Mata kan kankaro ƙasa mai gishiri, su tace ta cikin tukwane, su dafa ruwan har ya ƙafe. Sai dai gishirin da ke kawo kuɗi shi ne kuma ke ƙona saiwar shuka idan ya yi yawa a ƙasa. Wanda gidansa ke irin wannan wuri zai iya ɗebo ƙasa mai kyau daga gona ya shuka kayan miya cikin tukunya. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake haɗa tukunya mai ƙarko, wadda a ido kamar dutse take, amma ba ta da nauyinsa.

Asalin Dabarar

Masu lambu a Ingila ne suka yaɗa wannan dabara wajen shekarun 1930, lokacin da tsofaffin kwamin dutse na shayar da dabbobi, waɗanda suke shuka furanni a ciki, suka yi wuyar samu. Sai suka riƙa gauraya siminti da ruɓaɓɓen gansakuka. A nan ba sai mun nemi gansakuka ba. Muna da buntun shinkafa tuli a injinan casa na Lafia, ga kuma garin katako a wurin kafintoci. Su ne ke maye gurbin tsakuwa, su bar ƙananan kafofi a jikin tukunyar, shi ya sa ba ta nauyi.

Kayan Aiki

Siminti mudu 1, yashi mudu 1, buntu ko garin katako mudu 2, roba 2 (babba da ƙarama), leda, man gyaɗa, guntun kara, buroshin ƙarfe da safar hannu, domin ɗanyen siminti yana cin fata.

Matakai

Da farko a jiƙa buntun ko garin katakon ya kwana, a tsiyaye. Wannan yana hana shi shanye ruwan kwaɓin, yana kuma wanke sinadaran da ke hana siminti kamawa.

Na biyu, a gauraya kayan, ana zuba ruwa kaɗan-kaɗan har kwaɓin ya dunƙulu a hannu kamar dawo. Kada a yi amfani da ruwa mai gishiri. A nemi ruwan sama ko na rijiya mai daɗi.

Na uku, a shafa mai a cikin babbar roba da bayan ƙaramar. A shimfiɗa kwaɓin a gindin babbar mai kaurin santimita 5, a kafa kara a tsakiya domin ƙofar fitar ruwa. A ɗora ƙaramar, a cike ratar da ke tsakaninsu, ana dannawa.

Na huɗu, a rufe da leda a inuwa kwana 2, sannan a cire robobin da karan. A goge jikin tukunyar da buroshi ya yi kaushi, nan ne kamannin dutse ke fitowa.

Na biyar, a mayar da ita inuwa, ana yayyafa mata ruwa har kwana 28. Siminti da danshi yake ƙarfi, ba da zafin rana ba. Tukunyar da aka shanya da wuri tsagewa take yi, musamman a lokacin hunturu. Daga nan a yi mako 2 ana cika ta da ruwa ana zubarwa, don kaifin simintin ya fita kafin a shuka albasa, alayyafo ko tattasai.

Kammalawa

Yawancin tukwanen da ke lalacewa gaggawa ce ke lalata su, ba ƙarancin siminti ba. Bahaushe ya ce, sannu ba ta hana zuwa. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu gwada wannan aiki a hutu mai zuwa, mu kuma tambayi magina tukwane na garuruwanmu sunan da ya fi dacewa da ita a Hausa.