Kehinde Wiley da Dokin Napoleon

A shekarar 2020 gidan nune-nunen zane na Brooklyn da ke Amurka ya rataye zane biyu a ɗaki ɗaya. Na farko Bafaranshe Jacques-Louis David ya yi shi a 1801, Napoleon ne bisa doki yana ƙetare duwatsun Alps. Na biyu kuwa aikin Kehinde Wiley ne na 2005. Wiley ɗan Amurka ne, mahaifinsa ɗan Nijeriya. Kehinde sunan tagwaye ne a Yarbanci, kamar a ce Husaini.

Dokin yana nan yadda yake, ya ɗaga ƙafafun gaba. Mahayin ne ya canza: baƙar fata ne, sanye da kakin soja da takalmin Timberland, ya ɗaure kai da ƙyalle. A kan duwatsun da aka rubuta Bonaparte da Hannibal, Wiley ya ƙara suna ɗaya, Williams.

A da, sarakuna da masu dukiya ake yi wa irin wannan zane, baƙar fata kuwa in ya fito, galibi a matsayin bara ne. Wiley yakan tare samari a titi, ya nuna musu littafin tsofaffin zane-zane, kowa ya zaɓi tsayuwar da yake so a zana shi da ita.