Mabiyiya: abokiyar tafiyar da ba a yasarwa

A Damagaram, daga Birni zuwa Zango, daga Mirya zuwa Magarya, kukan jariri ba shi ne ƙarshen haihuwa ba. Tsofaffin mata ba su yin guɗa, ba su aika wa maigida albishir, sai mabiyiya ta faɗo. Kafin nan mai naƙuda tana tsakanin rai da ajali, kowa a ɗakin ya san haka.

Mabiyiya, wadda wasu ke kira uwar tafiya, tsoka ce mai nauyin kusan rabin kilo. Ta cikinta ɗan tayi ke samun abinci da iska daga jinin uwarsa wata tara cur. Kakanninmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun gane cewa abin da ya rako mutum duniya ba shara ba ne. Shi ya sa ungozoma ke wanke ta, a haƙa rami cikin gida, galibi kusa da ɗakin mai jego ko wurin wankanta, a binne ta da natsuwa. Ana kula ƙwarai da yadda za a kwantar da ita: igiyar cibiya ta dubi sama. Mata da dama sun yi imani cewa idan aka kife ta, haihuwa ta tsaya wa matar ke nan. Ana kuma ɓoye ta daga kare da idon maƙiyi, don tsoron kada a yi sammu da ita. Daga nan ne Bahaushe ya samo maganar "inda aka binne cibiyata", wato garin da mutum ba ya musun shi ko ya yi arziki a Kano ko Tarabulus. Wata malamar tarihi ta Amurka, Barbara Cooper, wadda ta daɗe tana bincike a Maraɗi, ta wallafa nazari a kan wannan al'ada ta Nijar a shekarar 2019.

Batun magani kuwa, a nan ƙasar an fi riƙe guntun cibiyar da ke bushewa ya faɗi cikin kwanakin farko. Wasu iyaye na adana shi cikin laya don tsari. A ƙasar Sin an daɗe ana busar da mabiyiya a daka ta a matsayin magani, har Li Shizhen ya ambace ta a babban littafinsa na magunguna a ƙarni na 16. A zamaninmu wasu matan Turai da Amurka sun shiga haɗiyar ta cikin ƙwayoyi, wai don ƙarin jini da nono. Likitoci ba su tabbatar da wannan amfani ba. A 2017 ma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri da ya kamu da cuta mai tsanani, uwarsa kuwa tana shan irin waɗannan ƙwayoyi.

Haɗarin da ya shafe mu yana cikin ɗan lokacin da ke tsakanin fitowar jariri da faɗowar mabiyiya. Bisa ƙa'ida ba ta wuce minti 30. Idan ta maƙale, ko wani yanki nata ya saura a ciki, mahaifa ba ta iya tsukewa, jini ya ɓalle. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe masu jego a duniya, kuma tana iya gamawa da mace cikin awa biyu. A irin wannan hali ne ake sa wa mace muciya a baki don ta yi yunƙurin amai, ko a ba ta kwalba ta hura, ko a turara barkono don ta yi atishawa. Mafi muni shi ne jan igiyar da ƙarfi, domin tana iya tsinkewa, ko mahaifar ta juyo waje. Kowace dabara aka gwada, lokaci ne ke tafiya.

Maganin kuwa sananne ne, ba shi da tsada: allurar oksitosin da zarar jariri ya fito, ko ƙwayar misoprostol inda babu firji. Nijar ta ɗauki wannan hanya a asibitocinta, kuma binciken da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2023 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2020 mace-macen zubar jini a wuraren haihuwa na ƙasar sun ragu da kusan kashi 70 cikin 100.

Sai dai maganin yana asibiti, matar tana gida. Cikin abubuwan da ke hana wasu mata zuwa akwai fargabar a jefar da mabiyiyarsu tare da ƙazanta. Wannan fargaba tana da sauƙin kawarwa. Ma'aikaciyar lafiya ta duba mabiyiyar ta tabbata ta fito cikakkiya, sannan ta miƙa wa dangi su kai gida su binne yadda suka gada. Ilimi bai rasa komai ba, al'ada ma haka.

Saura kai maigida, ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati. Kuɗin ragon suna kana tanadinsu tun ciki na wata shida. Ka ware na mota tare da su, ka kuma bar izini a gida kafin ka yi tafiya, kada a tsaya jiran dawowarka jini na zuba. Ramin mabiyiya zai iya jira har gobe. Mai jego ba ta iya jira.