Abin da na'urar tantance yatsa take gani

A zaɓen Ghana na 7 ga Disamban 2012 aka fara tantance masu jefa ƙuri'a da zanen yatsa, kuma dokar lokacin ta ce wanda na'ura ba ta gane shi ba, ba shi da ƙuri'a. Na'urori suka yi ta gardama, har aka kai zaɓen wasu rumfuna washegari. Mutumin Tamale da ke arewacin Ghana ya san abin da Disamba take nufi: hunturu, ƙura da bushewar fata.

Na'urar ba ta ganin yatsa yadda ido yake ganinsa. Gilashi ne ake haskawa daga ƙasa. Inda tudun zanen ya manne da gilashin sai hasken ya watse, inda kwari yake kuma ya dawo, a samu hoton layuka. Busasshen yatsa ba ya mannewa, sai layukan su fito a tsittsinke. Shi ya sa za ka ga ma'aikaci ya ce wa tsohuwa, "Iya, goga shi a goshi," don ta ɗan samu maiƙo.

Daga nan aikin matata yake farawa, wato abin da ke tace hoton kamar rariya, ya fidda layukan gaske ya zubar da datti. A 1964 Anthony Vander Lugt, a Jami'ar Mishigan ta Amurka, ya yi irinta da hasken leza da madubin tabarau: idan siffar da ake nema tana cikin hoton, sai ɗigon haske ya bayyana a daidai wurin. Amma da hoton ya ɗan karkace ko girmansa ya canza, ɗigon ya dusashe. Yau lissafin kwamfuta ke yin tacewar, yana neman inda layi ya ƙare ko ya rabu biyu.

Matsalar dai tana nan. A tsananta tacewa, a kori mai haƙƙi. A sassauta, ɗan sojan gona ya wuce. Masu ƙira sukan fi tsoron na biyun, alhali wanda ke shan wahalar na farkon shi ne manomin da fartanya ta cinye wa zanen yatsa, da matar da ta shekara tana sarrafa kaɗanya. A ganina na'urar da ba a gwada ta a irin waɗannan hannaye ba, ba a gama ƙera ta ba. A zaɓen 2020 hukumar zaɓen Ghana ta ƙara tantance fuska ga wanda yatsansa ya ƙi.